Gonar Aro ta Malam Sammani

Shekara talatin da tara Malam Sammani mai gyaran keke ya yi yana noman gona ɗaya a bayan Batagarawa, kuma a tsawon waɗannan shekaru babu wanda ya taɓa jin ya ce "gonata". Idan zai fita, sai ya ce wa iyalinsa ya tafi gonar Alhaji. Idan gero ya yi kyau, sai ya ce gonar Alhaji ta yi albarka bana. Alhaji Babaji, mai gonar, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma sunan gonar bai sauya a bakin Sammani ba.

A Ƙofar Sauri aka haife shi, a gidan marina. Ya buɗe ido ya tarar da karofin unguwarsu, inda ramukan rini suke, yana mutuwa rami bayan rami, domin atamfar kanti ta riga ta kori zanen saƙi daga kasuwa. Mahaifinsa ya hana shi sa hannu a rini, ya ce ba zai gadar masa sana'ar da ke haɗa kayanta ba. Ya yi karatun allo, ya iya rubutun ajami mai tsabta, amma bai zauna a ajin boko ba ko na yini ɗaya. Da ya tasa ya koyi gyaran keke, idan kaka ta yi kuma ya ɗauki buhunan auduga da gyaɗa a siton Alhaji Babaji. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda idan ya ɗaure noti sai ya koma ya sake taɓa shi don ya tabbata.

A shekarar da ya auri Suwaiba, wato 1984, ana cikin wahalar fari, Alhaji ya sa shi a mota ya kai shi gonar. Ya nuna masa iyaka, daga kukar da ke gabas zuwa layin gamba na yamma, kimanin eka huɗu: jigawa mai son gero, sai ɗan kwari a kudu inda dawa ke yi.

"Ka noma, ka ci da iyalinka," in ji Alhaji. "Ba haya ba ce, ba jingina ba ce. Aro ne, kuma ka san aro."

Sammani ya san aro. Mai aron gona ba ya dasa itace a cikinta, ba ya haƙa rijiya, ba ya ɗora bulo a kan bulo, domin duk waɗannan alamun mallaka ne, kuma su ne ke haɗa jikoki shari'a. Idan an yi girbi yakan kai dami ɗaya gidan mai gona, ba don ana bukatarsa ba, sai don kowace shekara a tuna wane ne mai ƙasar. Sama da duka, mai aro ba ya buɗe baki ya ce yana da haƙƙi. Alheri aka yi masa, kuma duk wanda aka ji yana kiran alheri da sunan haƙƙi, mutuncinsa ya zube a gari. Ba a rubuta komai ba a ranar. Shaidarsu guda ce, mai unguwar wurin na wancan lokaci, shi ma ya daɗe da rasuwa.

Haka Sammani ya riƙe gonar. Da damina yana can bisa kekensa, tafiyar fiye da awa guda zuwa, haka kuma dawowa. Da rani yana gindin wata bishiyar bedi kusa da ƙofar gari, da famfonsa da kwanon ruwan duba faci. Ya yi ta kai wa gonar takin awaki da tokar gida, buhu-buhu, har farar ƙasarta ta yi duhu. Bala, maƙwabcinsa na gabas, wanda shi ma aro yake ci, ya dasa mangwaro biyar a tasa, ya ce jemagu ne suka yar da ƙwallayen, ko da yake a jere suke kamar an ja igiya. Sammani kuwa, ko zogale ne ya tsiro masa a kan kunya, tuge shi yake yi.

Da geron gonar nan ya raini 'ya'ya bakwai. Sana'ar keke ta yi ta ja da baya tun da babura suka cika gari, har ya zama wata rana ya wuni bai yi faci uku ba. 'Yarsa ta biyu, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara uku. Saboda haka bakuna goma sha ɗaya ne suke jiran abin da gonar za ta bayar. Babu kuma wata da zai koma: gonakin kusa da gari an yanka su filayen gini, na nesa kuwa 'yan bindiga sun hana shiga.

A watan Agusta na shekararsa ta talatin da tara a gonar, gero yana fitar da kai, fararen motoci biyu suka tsaya a bakin hanya. Na hukumar raya noma da tattalin arziki ne. Aka tara manoman yankin a ƙofar gidan mai gari, wani jami'in filaye mai suna Malam Yohanna ya miƙe da takarda. Mutumin Zonkwa ne, amma ya shekara ashirin da shida a Katsina, har Hausarsa ta koma ta 'yan gari. Ya karanta da Turanci, sannan ya bi sashe-sashe yana bayani.

Dokar da ta kafa hukumar, in ji shi, ta ba ta iko ta shiga kowace gona bayan ta ba da sanarwa, ta auna, ta kafa turakun siminti, ta haƙa ƙasa don neman ruwa. Ta ba ta iko, da amincewar gwamnati, ta karɓi filin da take bukata domin aikin da zai amfani jama'a, ta haɗe gonaki ta share iyakokinsu, ta sake yanka su fuloti-fuloti, ta raba bisa sharuɗɗanta. Wanda ya tuge turke ko ya tare ma'aikaci, tana da iko ta kai shi kotu. A nan wurin noman rani za a kafa, da rijiyoyin burtsatse da magudanan ruwa.

Bala ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, akwai abin da wannan hukuma ba ta da ikon yi kuwa?"

"Akwai," in ji Yohanna. "Ba ta iya sa hadari ya taso. Shi ya sa za mu haƙa rijiya."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Sai ya zo kan abin da kowa ke jira. Mutum iri biyu ne za su sami fuloti: mai gona, da wanda ya shekara goma ko fiye yana noman gonar wani ta hanyar aro ko haya ko jingina, muddin ya bayyana da'awarsa ranar rajista. Sammani ya ji wannan da kunnensa. Ya lissafa shekarunsa, ya ga sun ninka goma kusan sau huɗu, hankalinsa ya ɗan kwanta. Wane ne a wannan yanki bai san shi da gonar Alhaji ba?

Ranar rajista ta faɗo a tsakiyar Satumba. Mai rajistar da ya zo masa baƙo ne daga wata ƙaramar hukuma, da na'ura a hannu, gumi ya jiƙa masa riga, ga gona sittin a gabansa kafin la'asar. Mai unguwa yana can ƙetaren kwari tare da ɗaya rukunin ma'aikatan.

"Baba, sannu da aiki. Gonarka ce?"

"A'a. Ta Alhaji Babaji ce, Allah ya jiƙansa. Magadansa suna cikin gari."

"Akwai itacen da ka dasa, ko rijiya, ko gini?"

"Allah ya kiyaye. Ko ɗaya babu."

"Takarda fa?"

"Tsakanina da Alhaji ba a yi takarda ba."

"To, kana da'awar wani haƙƙi a cikinta?"

Sammani ya sunkuyar da kai. "Ni? Wane haƙƙi gare ni, ɗan nan? Alheri ne aka yi mani."

A inda ya tashi, amsar da ta dace ke nan, kuma ba a nan magana take ƙarewa ba. Mutum ba ya yi wa kansa shaida. Nasa shi ne ya ƙasƙantar da kai. Sai wani dattijo a gefe ya ce, "Haba, ai shi ke nomanta tun ba a haife ka ba," sai a rubuta. Sammani ya waiwaya hagu da dama. Babu dattijo, sai karan gero. Mai rajista ya danna na'urarsa ya miƙo ta, Sammani ya ɗora babban yatsansa a kai, mutumin ya yi sallama ya wuce gonar Bala.

Bayan girbi aka liƙa jerin sunaye a bangon gidan mai gari. Bala, wanda ya yi firamare, shi ne ya karanta wa jama'a.

"Lamba arba'in da ɗaya, ga ni nan! Jemagu, Allah ya saka muku da alheri!"

Ya bi jerin da yatsa sau uku yana neman sunan maƙwabcinsa. A gaban gonar Alhaji Babaji an rubuta sunayen magada biyu, sannan aka rubuta cewa babu mai da'awa.

"Malam Sammani," in ji Bala, "kai da ka fi kowa tsabta, ga shi tsabtar ta share ka daga takarda." Ya juyo yana dariya, ya ga fuskar dattijon, sai ya haɗiye sauran. Ya rage murya. "An ce kwana ashirin da ɗaya aka ba mai ƙorafi. Ka je ofishinsu, don Allah."

Sammani bai je ba. Ya ce a ransa kuskure ne da zai gyaru da kansa, tunda mai unguwa ya sani, gari ma ya sani. Bai gaya wa kowa a gida ba. Kowace safiya yakan hau keke ya tafi gonar da ba sauran aiki a cikinta, ya tsaya kusa da turken simintin da aka kafa a tsakiyar kwarin dawa, yana kallon katafila tana cin iyakokin gabas ɗaya bayan ɗaya. Idan ya dawo, ya shiga ɗakin hatsi ya tsaya yana duban dammunan bana. Za su kai su damina. Daga nan fa? A nan tunaninsa yake tsayawa kullum, ya fito ya rufe ƙofa, an jima kuma ya koma ya buɗe.

A rana ta tara da liƙa jerin, bayan la'asar, Suwaiba ta ajiye masa kwanon fura ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, matar Bala ta aiko mani da magana. A bakin matar Bala zan ji labarin gidana?"

"Ba wani abu ba ne. Mai unguwa ya sani. Za a gyara."

"Mai unguwa ne zai tuƙa wa jikokinka tuwo baɗi? An tambaye ka, ka ce ba ka da komai. Ka ɗauka surukinka ne ya zo gaisuwa, da zai ce a'a Baba, kada ka faɗi haka? Ma'aikaci ne. Abin da ka ba shi ya ɗauka ya tafi."

"To, so kike in tsaya a gonar mutumin da ke kwance a kabari in ce ina da rabo?"

"So nake ka tsaya a ofis. Gobe. Na wanke maka farar rigar."

Ofishin hukumar yana cikin rukunin gidajen gwamnati, bayan wasu manyan itatuwa. Sammani ya jingine kekensa tsakanin motoci, ya zauna a benci tun hantsi har azahar ta kusa, kafin masinja ya shigar da shi wurin Malam Yohanna. Suka gaisa: kwana, gajiya, iyali, aiki, jama'a, yadda aka ƙare da damina. Sannan Yohanna ya sa aka ɗauko fayil, ya juyo da takardar ya nuna masa.

"Baba, ka ga wannan? Yatsanka ne?"

"Nawa ne."

"To, ka ɗaure ni. Doka ta ba mu iko mu karɓa, ta ba mu iko mu raba. Ba ta ba ni iko in ce kana da abin da kai da bakinka ka ce ba ka da shi ba."

"Ai ladabi ne, ranka ya daɗe."

"Na sani. Mu ma a wajenmu haka tsofaffi suke yi. Da ni na zo gonarka, da na sake tambayarka sau biyu. Amma na'urar nan ba ta da gurbin ladabi, e ne ko a'a." Ya cire tabarau ya murza ido. "Takarda biyu nake so. Ɗaya daga magadan Alhaji, su shaida tun yaushe kake noman gonar. Ɗaya daga gare ka, ka janye maganarka ta farko, ka ce kana da'awa. Saura kwana goma sha ɗaya. Idan suka cika, jerin zai tafi gaban majalisar hukuma a buga masa hatimi, daga nan sai kotu, kotu kuwa ba wurin mai keke ba ne. Kuma kada in ɓoye maka: fulotin da za a ba ka, daga rabon gonar Alhaji za a cire shi."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta raka Sammani gida. Ashe ba hukuma zai roƙa ba. Hannu zai sa a gadon 'ya'yan mutumin da ya ciyar da shi.

Magadan su biyu ne. Hajiya Safara'u, babbar, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a gidan mijinta ba nisa da ofishin. Ƙanenta Alhaji Nu'uman yana Abuja yana harkar kwangila. Sammani ya san su tun suna wasa a kan buhunan auduga. Ya kwana biyu yana shirya maganar da zai faɗa, a rana ta uku ya je. Hajiya ta karɓe shi da murna, ta sa aka kawo ruwa da lemo. Ya tambayi lafiyar maigida, da ta yara, da ta jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya yi wa Alhaji addu'a. Ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya tashi ya fito, da turmin yadi da ta ba shi a ƙarƙashin hammata, bai faɗi abin da ya kai shi ba.

Suwaiba ta dubi yadin, ta dube shi. "Madalla. Sai mu dafa shi da miyar kuka."

Kwana uku ya ƙara yana cewa gobe. Da saura kwana huɗu, Suwaiba ta yafa mayafinta ta tare keke napep, ta ce ko ya shigo ko ta tafi ita kaɗai. Ya shiga.

A falon Hajiya, bayan gaisuwa, Suwaiba ta yi shiru da gangan tana kallon mijinta. Shirun ya yi tsawo har Hajiya ta rage ƙarar talabijin.

"Baba Sammani, lafiya? Zuwa biyu a mako guda, ba halinka ba ne."

Ya fara daga 1984. Ya bi ta kan kuka da layin gamba, da motocin hukuma, da mai rajista. Idonsa yana kan kafet. Da ya zo kan takardar da yake nema, ya faɗe ta da sauri, ya ƙara da cewa daga rabonsu za a cire, don kada ta ji daga baya ta ce ya ɓoye.

Hajiya ta jawo wayarta. "Gonar nan ba a raba ta ba," in ji ta. "Ba ni kaɗai ba ce. Bari in kira Nu'uman." Ta buga, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur, ta yi masa bayani a taƙaice.

"Yaya, ban gane ba," in ji muryar daga Abuja. "Baba ya ba mutum gona kyauta kusan shekara arba'in, bai karɓi ko sisi ba. Yau sakayyar ita ce a yanki gadonmu a ba shi? Shi da kansa ya ce ba shi da haƙƙi, gaskiya ya faɗa. Wa ya zuga shi?"

"Shina nan zaune, shina jin ka," in ji Hajiya.

Nu'uman ya rage murya. "Malam Sammani, ina wuni. Ban yi zaton haka daga gare ka ba. Baba yakan ce duk cikin mutanensa kai ne ba ka da kwaɗayi."

Sammani ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya yunƙura zai tashi, Suwaiba ta danne gefen rigarsa da gwiwarta.

"Alhaji ƙarami," in ji ta, "ni ce na zuga shi. Ni da na goya ka ranar sunan ƙanwarka da ta rasu, ka jiƙa mani zane. Ba gadonku muke so ba. Inda za mu sa fartanya muke so."

"Inna Suwaiba, maganar doka ake yi, ba ta goyo ba. Ni dai ba zan sa hannu ba. Yaya, sai mun yi magana." Ya kashe.

Hajiya ta tashi ta shiga ciki. Sammani ya tabbata an gama, yana neman takalmansa da ido. Sai ta fito da takarda da biro, ta zauna a teburin cin abinci.

"Ba zan rubuta cewa kana da rabo ba, wannan aikin hukuma ne. Abin da na gani zan rubuta. Ina aji biyu na sakandare Baba ya ba ka gonar, kuma tun daga lokacin ban ga kowa ya noma ta ba sai kai. In Nu'uman zai yi fushi da wannan, ya yi." Ta rubuta, ta sa hannu, ta ninke. Da za ta miƙa masa ta ce, "Amma ka sani, Baba Sammani, ba zai manta ba."

Saura takardarsa. Yohanna ya ce ko da wane rubutu ne za a karɓa, in dai nasa ne. Washegari bayan azahar ya zauna a zaure da tawada da alƙalamin kara. Ya ɓata takarda biyu, domin duk lokacin da ya fara sai ta koma godiya ga Alhaji da neman gafarar magada. A ta uku ya daure ya rubuta layi huɗu: sunansa da unguwarsa, cewa ya noma gonar shekara talatin da tara bisa aro, cewa abin da ya gaya wa mai rajista ya janye shi, cewa yana da'awar haƙƙin da doka ta ba mai aro. Ya daɗe yana kallon layin ƙarshe kafin tawadar ta bushe.

Ya kai takardun ana saura kwana biyu. Yohanna ya juya ta ajamin sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Shekara ashirin da shida a garin nan, yau an kama ni." Ya kira masinja ya karanta, shi kuma ya rubuta da boko a ƙasa, ya buga hatimin karɓa. Ya ce shaidar magaji ɗaya cikin biyu ce, saboda haka kwamiti zai iya karɓa, zai iya ƙi, ikonsa ne. Alhaji Nu'uman ma ya riga ya aiko da tasa takardar ta hannun lauya.

Mako uku aka yi ana jira. A cikinsu katafila ta iso gonar, ta share layin gamba a wuni ɗaya, har Sammani ya kasa gane inda kwarin dawa yake. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Duk farar motar da ta gifta ta gindin bedi sai ya miƙe tsaye da sifana a hannu.

A ƙarshen Nuwamba aka liƙa jeri na biyu. Bala ne ya zo har Ƙofar Sauri a kan babur, tun daga nesa yana ihu: "Ɗari da goma sha huɗu! Rabin eka!" Kwamiti ya karɓi shaidar Hajiya. Suwaiba ta yi guɗa a tsakar gida. Sammani ya ce alhamdulillahi, ya zauna a kan benci.

Rabin eka ne a madadin huɗu, kuma da sharuɗɗa. Takardar izini ce ta shekara-shekara. Hukuma ce za ta faɗi abin da za a shuka, bana alkama, wadda Sammani bai taɓa shukawa ba. Ita ce za ta tsara ranar ruwan kowa. Wanda ya bar fulotinsa ya lalace kaka biyu a jere, tana da iko ta karɓe ta ba wani. A watan nan kuma aka ɗaura auren 'yar Alhaji Nu'uman a tsohon gidan Alhaji Babaji. An raba goron gayyata har ga masu gadin sito na da, ba a kawo gidan Sammani ba. Ya ji sanarwar a bakin mutane, ya wuni a gindin bedi yana gyara wata sarƙar keke da ba ta lalace ba.

Fuloti na ɗari da goma sha huɗu shi ne na ƙarshe a layinsa, can inda magudanar take ƙarewa. Ranar Talata ce ranar ruwansa, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. A Talatar farko ya isa tun bakwai, ya gyara fangalolin ban-ruwa da malamin gona ya koya musu, ya sake bi ya daddanna bakin kowanne da ƙafa. Ƙarfe goma ya yi, magudana a bushe. Goma da rabi, ya hango na sama da shi suna ta buɗe wa nasu. Ya tuna an ce wanda aka tare wa ruwa yana iya kai ƙara wurin shugaban layi, ya tsaya yana auna ko zai iya. Sha ɗaya ta wuce da kwata, bai ga ko danshi ba. Ya saɓa fartanyarsa ya bi gefen magudanar ya nufi sama, yana maimaita a ransa abin da zai faɗa idan ya isa.